Yadda Sunan Nijar Ya Shiga Hujjar Yaƙin Iraƙi, da Gardamar da Muka Yi a 2004



Ranar Juma'a 1 ga Oktoba, 2004, ranar hutun samun 'yancin kai ce, amma a teburin mai shayin da muke zama a nan Abbare babu wanda ya ɗauko zancen Najeriya. Zancen Amurka aka wuni ana yi. Da misalin ƙarfe biyu na daren jiya agogonmu, shugaba George Bush da abokin takararsa Sanata John Kerry sun yi muhawararsu ta farko a Jami'ar Miami da ke jihar Florida, ɗan jarida Jim Lehrer yana yi musu tambayoyi. Mu ba mu gani ba. Da safe muka ji abin da sashen Hausa na BBC da Muryar Amurka suka tsakuro, sai kowa ya ɗauki ɓangare kamar ƙuri'arsa za a ƙirga.

Mafi yawanmu 'yan Kerry ne, dalilinmu kuwa ɗaya, mun tsani Bush. Akwai wani malamin firamare da ya tsaya kan cewa Saddam azzalumi ne, ya kashe Ƙurdawa da iskar guba a Halabja a 1988, ya mamaye Kuwaiti a 1990, don haka duk wanda ya kawar da shi ya yi aikin lada. Aka yi masa ca. Ana cikin haka wani tsohon soja da ya yi yaƙin Laberiya a rundunar ECOMOG, wanda ba ya yawan magana, ya ajiye kofinsa ya dube ni ya ce, "Kai yaro, kai da ka yi boko, ita takardar da aka ce Nijar ta sayar wa Saddam kayan bam, wa ya gan ta?" Na ce, "Baba, ai wannan tsohon zance ne, an wuce wurin." Ya ce mini an wuce wurin ne da gawarwaki. Sai bayan shekaru na bi diddigin abin, ga kuma yadda ya kasance.

Nijar na haƙar ma'adinin yuraniyom a yankin Arlit, arewa da Agadas, tun farkon shekarun 1970. A lokacin da muke magana kamfanoni biyu ne ke aikin, Somaïr da Cominak, dukkansu ƙarƙashin jagorancin kamfanin Faransa mai suna Cogema, suna fitar da kusan tan dubu uku a shekara. Ana sarrafa dutsen ya koma gari, a zuba a durom, a ɗora wa manyan motoci su biyo hanyar Agadas da Tawa da Ƙonni da Doso har Gaya, su tsallaka Benin zuwa tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Garin shi kaɗai ba bam ba ne, sai an tace shi a masana'antu masu tsada da wuyar ginawa. Gaskiya ne Iraƙi ta taɓa sayen irinsa daga Nijar a farkon shekarun 1980, kuma masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun san da wannan. Haka kuma a watan Fabrairu 1999 jakadan Iraƙi a fadar Paparoma, Wissam al-Zahawie, ya kai ziyara Yamai. A kan waɗannan gaskiya biyu aka ɗora ƙaryar, shi ya sa ta yi saurin shiga kunne.

A farkon Janairu 2001 aka fasa ofishin jakadancin Nijar da ke birnin Rum na Italiya. Cikin abin da aka ɗauka har da takardu masu tambarin gwamnati da hatimi. Bayan harin 11 ga Satumba na wannan shekarar, rahotanni suka fara yawo tsakanin hukumomin leƙen asirin Turai da Amurka cewa Nijar ta ƙulla yarjejeniyar sayar wa Iraƙi tan ɗari biyar. Ofishin mataimakin shugaban ƙasa Dick Cheney ya nemi ƙarin bayani, sai hukumar CIA ta tura wani tsohon jakada, Joseph Wilson, zuwa Yamai a watan Fabrairu 2002. Mutumin ya san ƙasar, a can ya fara aikin jakadanci tun yana saurayi, kuma shi ne jami'in Amurka na ƙarshe da ya gana da Saddam kafin yaƙin 1991. Ya yi kwana takwas yana shan shayi da tsofaffin ministoci da masu harkar ma'adinin. Tsohon firayim minista Ibrahim Mayaki ya gaya masa cewa a 1999 an nemi ya gana da wasu 'yan Iraƙi kan faɗaɗa kasuwanci, amma bai bari zancen ya yi nisa ba saboda takunkumin da ke kan Iraƙi. Wilson ya koma ya ce da wuya a ce an yi cinikin. Duk wanda ya san hanyar zai gane dalili. Tan ɗari biyar kashi ɗaya ne cikin shida na abin da ƙasar ke fitarwa a shekara, ba kayan da za a ɓoye a ƙarƙashin buhun albasa ba ne a wuce da shi ba tare da Faransawan da ke riƙe da littafin lissafi sun sani ba.

Duk da haka zancen bai mutu ba. A watan Satumba 2002 gwamnatin Tony Blair ta sa shi a rahotonta. A watan Oktoba wani tsohon ɗan leƙen asirin Italiya mai suna Rocco Martino ya kai wa 'yar jarida Elisabetta Burba ta mujallar Panorama takardun da kansu don ta saya. Ta je Nijar ta duba, ta ga ba su da tushe, ba ta buga labarin ba, amma kwafinsu ya riga ya isa ofishin jakadancin Amurka a Rum. A wannan watan ne shugaban CIA George Tenet ya sa aka cire zancen daga jawabin da Bush ya yi a Cincinnati saboda rashin tabbas, kuma a watan ne majalisar dattawan Amurka ta ba Bush izinin amfani da ƙarfi da ƙuri'a 77 a kan 23. John Kerry na cikin 77 ɗin.

Ranar 28 ga Janairu, 2003, abin da aka cire ya dawo ta bayan gida. A jawabinsa na shekara a gaban majalisa, Bush ya ce gwamnatin Birtaniya ta gano cewa Saddam ya nemi yuraniyom mai yawa daga Afirka. Ku lura da dabarar: an jingina maganar ga Birtaniya, an kuma ce Afirka maimakon Nijar. Mako guda bayan nan, da Colin Powell ya je gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya da hotuna da 'yar kwalbarsa, bai yarda ya sa wannan zance a cikin hujjojinsa ba.

Da takardun suka isa hannun hukumar kula da makamashin nukiliya ta duniya, 'yan sa'o'i kawai ma'aikatanta suka ɗauka kafin su gane jabu ne. Wata wasiƙa mai kwanan wata 10 ga Oktoba, 2000 na ɗauke da sunan Allele Habibou a matsayin ministan harkokin waje, alhali ya bar kujerar tun 1989. Wata kuma an kwaikwayi sa hannun shugaba Tandja Mamadou, kwaikwayon da bai yi kama ba. Ni da nake rubuta wasiƙun ƙungiya na san ko takardar neman gudummawa ce ka sa sunan tsohon shugaba a ƙasanta, a ranar za a dawo maka da ita. Ranar 7 ga Maris, 2003, Mohamed ElBaradei ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun ba na gaskiya ba ne. Ranar 20 ga Maris aka fara ruwan bama-bamai a Bagadaza.

Sauran ya biyo baya a makare. Ranar 6 ga Yuli Wilson ya rubuta a jaridar New York Times abin da bai samu ba a Afirka. Ranar 11 ga watan Tenet ya ɗauki laifin barin jimlar a cikin jawabin. Washegari, a Abuja, inda Bush ya kawo ziyara wurin Obasanjo, ya gaya wa 'yan jarida cewa har yanzu ya amince da Tenet. Kwana biyu bayan haka aka fallasa cewa matar Wilson, Valerie Plame, ma'aikaciyar sirri ce ta CIA, lamarin da ya kai ga samun babban hadimin Cheney, Lewis Libby, da laifin yi wa masu bincike ƙarya a 2007. Don adalci, kwamitin Butler na Birtaniya ya ce a 2004 gwamnatinsu na da dalilin zargi saboda ziyarar 1999, ba saboda takardun ba. Sai dai masu binciken Amurka da suka tone Iraƙi bayan mamaya, ƙarƙashin Charles Duelfer, ba su samu shaidar cewa ta nemi yuraniyom daga waje ba tun bayan 1991, ba su kuma samu tarin makaman ƙare dangi ba.

Mu dawo kan muhawarar. Lokacin da aka yi ta, sojojin Amurka da suka mutu a Iraƙi sun haura dubu, kuma makonni biyu kafin nan Kofi Annan ya gaya wa BBC cewa yaƙin ya saɓa wa kundin Majalisar Ɗinkin Duniya. Kerry ya ce Bush ya tafka babban kuskure da ya bar Usama bin Ladan a duwatsun Tora Bora ya juya kan Saddam. Da Bush ya ce abokan gaba ne suka kawo musu hari, Kerry ya tare shi da cewa ba Saddam ya kawo harin ba. Shi kuma Bush ya riƙe makami ɗaya yana ta saran Kerry da shi: kai ma ka ga rahotannin da na gani, ka kaɗa ƙuri'ar amincewa, yanzu kuma kana cewa ba yaƙin da ya dace ba ne, to wane soja zai bi kwamandan da ke faɗin haka? Zancen Nijar, wanda tsohon sojanmu ya tambaya, a jimla ɗaya Kerry ya taɓa shi ya wuce, inda ya ce shugaban ya gaya wa majalisa labarin kayan nukiliyar da babu su.

Mutum sama da miliyan 60 suka kalla, ra'ayin jama'a ya ba Kerry nasara a daren, amma ranar 2 ga Nuwamba Bush ya ci zaɓe da ƙuri'un wakilai 286 a kan 251. A ganina ƙuri'ar da Kerry ya kaɗa a 2002 ce ta ɗaure masa harshe. Wanda bai nemi ganin takarda ba lokacin da izini ke hannunsa, tambayarsa ta bayan shekara biyu ihu ce bayan hari. Mu ma a teburin shayi ba mu fi shi ba. Mun dace da gaskiya a kan yaƙin, amma ƙiyayyar Bush ce ta kai mu can, ba bincike ba. Da a ce shugaban da muke so ne ya kawo takardar, na tabbata da yawanmu da mun rantse a kanta. Shi ma malamin firamaren duk abin da ya faɗa a kan Saddam gaskiya ne, sai dai ba da wannan hujjar aka nemi izinin yaƙi ba.

Abin ya dawo mini sabo a 2023. Muhawarar 'yan takara a ƙasarmu, tun ta Abiola da Bashir Tofa a 1993, ba ta kafu ba. A ta 19 ga Janairu, 2019 Buhari bai zo ba, Atiku ya iso wurin ya ƙi hawa dandali. Kafin zaɓen 2023 manyan 'yan takara sun je Arewa House a Kaduna ɗaya bayan ɗaya, ba gaba da gaba ba. Mun ji zancen tallafin mai da 'yan bindiga da noma, amma zancen tura sojojinmu yaƙi da maƙwabta bai shigo cikin gardamar da muka yi a majalisunmu ba. Wata biyar bayan zaɓe, ranar 26 ga Yuli, sojoji suka tsare Mohamed Bazoum. Ranar 30 ga watan ECOWAS, da Tinubu ke shugabanta a lokacin, ta ba su wa'adin kwana bakwai ko a yi amfani da ƙarfi. Aka rufe iyaka, aka yanke wutar da Najeriya ke ba Nijar. Hujjar wannan karon ita ce maido da dimokuraɗiyya, kuma ba jabu ba ce, an yi juyin mulkin da gaske. Tambayar ita ce ko ta isa a harba bindiga tsakanin Katsina da Maraɗi.

Sashe na 5 na kundin tsarin mulkinmu ya ce shugaban ƙasa ba zai ayyana yaƙi ba sai da amincewar majalisun tarayya biyu a zaman haɗin gwiwa, ba kuma zai tura soja fagen fama a waje ba sai majalisar dattawa ta yarda. Ranar 5 ga Agusta sanatoci suka ƙi goyon bayan matakin soja, na Arewa suna tunatar da jihohi bakwai da ke iyaka da Nijar, daga Kebbi har Borno. Janar Abdulsalami da Sarkin Musulmi sun je, Muhammadu Sanusi na biyu ya gana da Janar Tchiani, malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau su ma suka gana da shi. Mu a Taraba ba mu da iyaka da Nijar, amma mun ga mutanen da rikicin Kamaru ya koro zuwa Takum da Kurmi da Sardauna, mun san abin da ke biyo bayan faɗa a bakin iyaka. Ba a yi yaƙin ba. An janye takunkumi ranar 24 ga Fabrairu, 2024, Nijar kuma ta kammala ficewa daga ECOWAS ranar 29 ga Janairu, 2025.

Tsohon sojan bai ga wannan ba, ya rasu shekaru kafin nan, Allah ya jiƙansa. Malamin firamaren yana nan ya yi ritaya, kuma a watan Agustan 2023 shi ne ya fi kowa ɗaga murya a teburin cewa kada a taɓa Nijar. Na tuna masa matsayinsa na 2004, sai ya ce mini ai a Iraƙi ba shi da suruki.