Tarihin Huanglongbing, Cutar da Ta Durƙusar da Gonakin Lemo

Huanglongbing, wadda ake taƙaitawa HLB, wasu kuma su kira ta cutar koren lemo, cuta ce ta bakteriya da ke kama lemun zaƙi da lemun tsami da tanjarin da danginsu. Ba ta taɓa mutum ko dabba, amma babu cutar da ta fi ta yi wa lemo ɓarna a duniya. Ƙwayarta tana zama a cikin jijiyoyin da ke kai abinci daga ganye zuwa saiwa da 'ya'ya, ta toshe su. Sai ganye ya yi dabbare-dabbaren rawaya, saiwa ta riƙa mutuwa, 'ya'yan su fito ƙanana a karkace, gindinsu ya ƙi nuna, ruwansu ya yi ɗaci, yawancinsu ma su zube tun ba su ƙosa ba. Itacen da ya kamu ba ya warkewa.

Manoman kudancin Sin, a lardin Guangdong, sun san ta tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma an rubuta bayaninta a 1919. A Afirka ta Kudu an lura da irinta wajen 1929 a yankin Transvaal. Indiya da Filifin da Taiwan da Indonesiya kowacce ta raɗa mata nata suna, ba tare da sanin cewa abu ɗaya ke damunsu ba. Shekaru da dama ana ɗora laifin a kan ƙarancin sinadaran ƙasa ko kwanciyar ruwa a gona, domin rawayar ganyen ta yi kama da ta itacen da bai samu taki ba. Wannan kuskure ya ci gonaki masu yawa, saboda ana ta zuba taki, ana kuma ci gaba da yankar reshe daga itace mai ciwo ana aura shi da lafiyayye.

Wanda ya karya wannan zato shi ne masanin ƙasar Sin Lin Kongxiang. A binciken da ya wallafa a 1956 ya nuna cewa idan aka aura reshen itace mai ciwo a jikin lafiyayye, shi ma sai ya kamu, wato cutar mai yaɗuwa ce. A 1965 aka tabbatar a Afirka ta Kudu cewa wani ɗan ƙwaro, Trioza erytreae, shi ke ɗaukar ta daga itace zuwa itace. A 1967 aka gano a Indiya da Filifin cewa ɗan'uwansa na Asiya, Diaphorina citri, shi ma haka yake yi. Sai a 1970 masana biyu, Laflèche da Bové, a Faransa suka ga ƙwayar da madubin ƙara girma na lantarki, bayan an daɗe ana zaton bairos ce. Har yau ba a iya renon ta ita kaɗai a ɗakin gwaji ba, kuma wannan na cikin abin da ya jinkirta neman magani. Iri uku aka sani: na Afirka, wanda zafi ke karya shi don haka ya fi son tuddai masu sanyi, da na Amurka, da na Asiya mai jure zafi, wanda ya fi kowanne muni.

Ƙwaron Asiya, da ake kira silid, tsawonsa bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba. Yana tsotsar ruwan ganye kansa a ƙasa bayansa a sama, kuma a kan sabon toho kaɗai yake saka ƙwai. 'Ya'yan da suka tashi a kan itace mai ciwo su ke fin ɗaukar ƙwayar. Babban haɗarin shi ne itace yana iya yin watanni, wani lokaci shekaru, yana ɗauke da cutar ba alama, ƙwari kuwa suna ta kwasa suna rabawa. Kafin manomi ya ga reshe ɗaya ya yi rawaya, aikin gama ya gama.

Jihar Florida ta Amurka ce ta fi shan wuya. An ga ƙwaron a can a 1998, aka tabbatar da cutar a 2005 a kudancin jihar, amma a lokacin ta riga ta bazu. A kakar 2003 zuwa 2004 Florida ta samar da akwatin lemun zaƙi kimanin miliyan 242, kowane akwati wajen kilo 41. A kakar 2022 zuwa 2023 abin da aka samu bai kai miliyan 16 ba. Guguwar teku da sayar da gonaki don gina gidaje sun taimaka, amma HLB ce ummulhaba'isi. Manoma da yawa sun ƙi tumɓuke itatuwan da ke ba da 'ya'ya, suka koma fesa wa ganye taki. Ba a ga laifinsu ba, tunda itace jari ne na shekaru, sai dai kowane itacen da aka bari ya zama matattarar cuta ga maƙwabta, balle gonakin da aka yi watsi da su.

Brazil ta gano cutar a 2004 kusa da Araraquara a jihar São Paulo. Ta yi sa'a an riga an wajabta renon dashe a cikin rumfunan raga saboda wata cutar daban. Ta haɗa wannan da cire itace mai ciwo da feshin haɗin gwiwa, shi ya sa harkar lemonta ta tsaya da ƙafarta, ko da yake cutar na ƙaruwa, ƙwaron kuma ya fara jure wasu magunguna.

An gwada haɗa ƙwaro da abokin gabarsa. A tsibirin Réunion, cikin shekarun 1970, an shigo da wasu mitsi-mitsin zanzaro da ke saka ƙwai a jikin 'ya'yan silid, aka samu nasara sosai. Jihar California ta Amurka ta saki irinsu, Tamarixia radiata da aka kawo daga Pakistan, a 2011. Suna rage ƙwarin, ba sa ƙarar da su. Ta fuskar magani kuwa, tun ƙarshen 2022 Florida ta halatta yi wa gangar itace allurar maganin oxytetracycline, wadda ke sassauta ciwon ba tare da kashe shi ba. Wasu kuma sun koma noman lemo a ƙarƙashin raga baki ɗaya, hanyar da sai mai ƙarfi.

Yanzu lamarin ya matso Afirka ta Yamma. An samu ƙwayar Asiya a Habasha a 2010, ƙwaron Asiya ya bayyana a Tanzaniya da Kenya, a 2020 aka wallafa rahoton ganin sa a jihar Oyo ta Nijeriya, daga baya kuma a Ghana. Nijeriya na cikin manyan masu noman lemo a nahiyar, musamman jihar Binuwai, kuma yawancin manomanta ƙanana ne da ba su da halin feshi a kai a kai. Shekaru bakwai ne tsakanin ganin ƙwaron da ganin cutar a Florida, kuma a cikinsu aka yi asarar yaƙin. Hukumomin gona su sa ido a kan safarar dashe da rassan aure tun yanzu, manomi kuma kada ya sayi dashen da bai san asalinsa ba.