Tarihin Laƙabin Umarni a Kwamfuta

Laƙabin umarni, wanda masu aiki da Unix da Linux ke kira alias, gajeren suna ne da mutum ke raɗa wa dogon umarni don ya huta da bugawa. Ubuntu, alal misali, tana zuwa da ll a madadin ls -alF, umarnin da ke jero fayiloli da bayanansu. Ɗalibin da ke tashi daga Atonsu zuwa jami'ar KNUST a Kumasi ba zai ga baƙon abu a nan ba. A Zango, yaron da aka haifa ranar Alhamis yana da sunan yanka, amma Ɗanlami ake kiransa, kamar yadda maƙwabcinsa ɗan Asante ke amsa Yaw.

Taƙaita suna tsohuwar ɗabi'a ce a Unix. Lokacin da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina ta a Bell Labs a 1969, da na'urar Teletype ake magana da kwamfuta, mai buga harafi goma kacal a daƙiƙa. Dole sunaye suka gajarce: cp, mv, rm.

Shi laƙabin kansa daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya fito. Bill Joy, yana ɗalibi, ya saka shi a C shell, manhajar karɓar umarni da ya rubuta wajen 1978. Ta Stephen Bourne, wadda Bell Labs ta fitar a 1979, ba ta da shi. David Korn ya ɗauke shi a KornShell a 1983, Brian Fox ya bi sahu da Bash a 1989, sai Paul Falstad da Zsh a 1990.

Matsalar laƙabi ita ce mantuwa: da an rufe tagar umarni, ya tafi. Shi ya sa ake rubuta shi a fayil irin su .bashrc, wanda ake karantawa duk lokacin da aka buɗe sabuwar taga. Haruffan rc ɗin nan ma gado ne daga RUNCOM, shirin da Bafaranshe Louis Pouzin ya rubuta a MIT a farkon shekarun 1960. A 2009 Robby Russell ya fara Oh My Zsh, wadda ke rabar da tarin laƙabobi shiryayyu, musamman na Git.

Inda aka fi jayayya shi ne laƙabin da ke ɗaukar sunan umarni na asali. Red Hat ta mayar da rm ya zama rm -i ga mai kula da na'ura, don a tambaye shi kafin a goge fayil. Niyyar mai kyau ce, amma sabo turken wawa: wanda ya saba a tambaye shi, ranar da ya zauna gaban wata na'urar, fayil zai tafi babu sallama.

Microsoft ma ta taɓa shiga irin wannan rigima. PowerShell ta Windows ta ɗauki sunayen curl da wget ta liƙa wa wani umarninta mai aiki daban. A 2016 Daniel Stenberg, ɗan Suwidin da ya ƙirƙiro curl, ya fito fili ya nemi a cire su. Sababbin fitowar PowerShell, daga ta 6, ba su ɗauke da su, amma tsohuwar da ke zuwa da Windows tana nan da su.