Daidaita Ƙarfin Inji da Takun Farfela a Ƙananan Jiragen Ruwa na Abu Na'ama

Tsakure

Maƙalar ta bi hanyar lissafi ta nuna cewa a jirgin katako mai nauyi, rage takun farfela ya fi sayen babban inji amfani.

Gabatarwa

Abu Na'ama na bakin Shuɗin Nilu a jihar Sinnar, kudu da Sinja, tsakanin madatsar Rusairis ta 1966 da ta Sinnar ta 1925. Hausawa da Fulani sun yi ƙarfi a wannan gaɓa tun bayan yaƙin Burmi na 1903 da kafuwar garin Mai Wurno, kuma kamun kifi da fito na cikin sana'o'in Hausawan yankin. An saba sassaƙa jirgi a nan da itacen bagaruwa, wanda ke jure ruwa amma yana da nauyin gaske.

Lissafi

Takun farfela shi ne nisan da za ta ci a juyi guda in ruwa bai zame mata ba, kuma da inci ake auna shi. A ɗauki injin Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 15, wanda aka ƙera don ya yi juyi 4,500 zuwa 5,500 a minti idan an buɗe masa wuta duka. Giyarsa na raba juyin da kusan 2.08. In yana juyi 5,000 da farfela mai taku 9, alƙalami zai ba da kilomita 33 a awa.

Ruwa dai ba ya bin alƙalami. Jirgin da bai iya hawa saman ruwa, sai dai ya keta shi, tsawonsa ne ke yanke masa gudu: a ninka tushen murabba'in tsawon, a mita, da 4.5. Mai mita 7 ke nan zai tsaya wajen kilomita 12 a awa. Ko an ɗaura masa doki 40, yawancin ƙarin ƙarfin a tayar da igiyar ruwa da shan mai zai ƙare.

Tattaunawa

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen taku. Ana zaton farfela mai dogon taku ita ce mai gudu, alhali a jirgin da aka lafta wa buhunan dawa ko riɗi tana danne inji ƙasa da juyi 4,500, ya yi ta nishi, fulogi ya yi baƙi, fistin ya gaji da wuri. Kamar mai keke ne da ya tunkari tudu da babbar giya. Rage inci ɗaya kan ƙara juyi 150 zuwa 200, don haka injin da ya maƙale a 4,200 zai dawo cikin ƙa'ida da ragin inci biyu.

Akwai kuma yanayin kogin. A watannin Agusta da Satumba ruwa na gangarowa daga tsaunukan Habasha da ƙarfi, ɗauke da laka da itatuwa, yashi kuma na cinye bakin farfelar alminiyam har takunta ya sauya. Madatsar Habasha, wadda aka fara cikawa a 2020, ta soma sauya wannan tsari. A ganin mai wannan nazari, jirgin fito na buƙatar farfela biyu: taku 8 don lodi da hawan ruwa, taku 9 ko 10 don tafiya ba kaya, a gwada kowace da agogon auna juyi jirgi na ɗauke da lodin da ya saba.