Kifi da Yaji a Kudancin Kano

A ƙasar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, idan aka ce kifi da yaji ana nufin soyayyen kifi ko banda da ake dangwalawa a dakakken barkono, a ci shi haka nan ko a haɗa da abinci mai riƙe ciki. Yajin tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Wadatar ɗanyen kifi kuwa a wannan yanki ba ta wuce shekara hamsin da 'yan kai ba.

Kafin zuwan barkono, masoro da citta da kimba ne ke ba abinci zafi, daddawar kalwa kuma ta ba shi ɗanɗano. Barkono ɗan asalin nahiyar Amurka ne, jiragen Turawan Fotugal ne suka kawo shi gaɓar Afirka a ƙarni na 16, daga nan ya bi fatake ya hauro arewa. Gyaɗa da rogo ma daga can suka fito. Ke nan ƙuliƙulin da ake daka yaji da shi, da rogon da ake barbaɗa wa yajin, duk baƙi ne da suka zama 'yan gida.

Kogin Kano yana tasowa daga wajen tsaunukan Jos, ya ratsa dajin Falgore ya gangaro. A da, idan rani ya yi nisa, sai ruwan ya janye ya bar gurabe, a nan ake yin su. Sauran watannin shekara banda ce abin dogaro, wadda fatake ke kawowa daga Haɗeja da Nguru da Tafkin Chadi, a gutsura kaɗan a jefa a miyar kuka don ƙamshi. Wannan ya sauya da gwamnatin Audu Baƙo ta gina madatsar ruwa ta Tiga tsakanin 1971 da 1974. An yi ta ne don noman rani da ruwan sha, amma tafkin da ya kwanta a bayanta, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 178, ya zama gonar masunta. Karfasa da tarwaɗa da ƙurungu suka samu rani da damina. Tafkin Bagauda da ke kusa shi ma ya ƙara nasa.

Wanda ya tsaya wurin mai suya da la'asar ya ga yadda ake yi. Ta kankare karfasa, ta tsattsaga gefenta da wuƙa, ta shafa gishiri, ta saka a kaskon mai har ƙayar ta yi ƙarau. Sai ta ɗora a takarda, ta yanka albasa da kabeji, ta zuba yaji a gefe. Wani ya ci da gurasa, wani da dafaffen rogo ko dankali, ɗalibi kuma ya ɗora a kan garau-garau. Yajin kansa aikin turmi ne: a shanya barkono ya bushe ƙayau, a daka da citta da kanumfari da ƙuliƙuli da gishiri, a tankaɗe, a sake daka tsakin, duk gidan ana atishawa. Kowace uwargida da nata awon, shi ya sa yajin gida biyu ba ya zuwa ɗaya.

Abin yana da ɗan'uwa a ƙasar Tailan, inda barkono ya isa ta hannun waɗannan Turawan Fotugal ɗin, da suka sauka birnin Ayutaya a 1511. Can suna da abin da suke kira nam prik. A turmi ake daka shi, da barkono da tafarnuwa da albasa da lemon tsami, sai dai su kifin suke sakawa cikin dakan, gasasshe ko wanda aka tsima da gishiri, ya fito da damshi. Da shinkafa da kokwamba da kabeji da gauta suke cin sa. Tsimammen kifin nan shi ke yi musu aikin da daddawa ke yi mana. Namu ya tsaya a busasshe, kuma hakan ya dace da ƙasar da ake so guzuri ya yi wata bai lalace ba.

A 'yan shekarun nan dunƙule ya ture daddawa daga turmi da yawa, injin niƙa kuma ya karɓe aikin taɓarya, kuma a ganina yajin ya yi asarar ƙamshi. Kifin ƙanƙara da tarwaɗar kiwo sun shigo kasko ɗaya da na dam. Abin da ya fi damuna shi ne raga mai ƙananan ido, wadda ke kwashe 'ya'yan kifi tun ba su kai ƙwai ba. Sarakunan ruwa da hukumomin da ke kula da Tiga su sa ido a kan wannan raga, don karfasar dam ta ci gaba da zuwa kasko.