Rumbu da mazari: abin da Azatiwada ya sassaƙa a dutse

A kudancin Turkiyya, bisa wani tudu da ke gaɓar kogin Ceyhan, akwai kufan wata ganuwa da ake kira Karatepe. A 1946 ne Helmuth Bossert, masani Bajamushe, da Halet Çambel, ƴar Turkiyya, suka isa wurin. Abin da aka tono a ƙofofin ganuwar guda biyu ya taimaka ƙwarai wajen karanta wani rubutu da ya jima yana gagarar masana.

Rubutun na zane-zane ne: kan sa, hannu, ƙafa, fuskar mutum. Layi guda ya tafi dama, na biye da shi ya juyo hagu, kamar shanun huɗa a gona. Tun 1812 matafiyi Burckhardt ya ga irinsa a garin Hama na Siriya, amma aka share fiye da shekara ɗari ana lalube. A Karatepe an samu magana guda cikin harshe biyu, ɗaya da waɗannan zane-zane, ɗaya da baƙaƙen Finiƙiya da aka riga aka iya karantawa. Ko da hakan, sai a 1973 Hawkins da Morpurgo Davies da Neumann suka gyara karatun wasu alamomi, ta tabbata harshen Luwiyanci ne, ɗan'uwan na Hittiyawa.

Mai maganar shi ne Azatiwada, wanda ya rayu wajen ƙarni na 8 kamin haihuwar Annabi Isa (AS). Da kansa ya faɗi cewa Awariku, sarkin Adana, ne ya ɗaukaka shi, sa'an nan ya shiga yi wa kansa kirari. Ya tara dawaki, ya tara garkuwa da mayaƙa, ya murƙushe ƴan ta'adda a kan iyaka. Wannan duk mai mulki na faɗin haka. Wurare biyu ne suka fi tsaya mini a rai. Na farko, ya ce ya cika rumbunan garin Pahar. Na biyu, ya ce hanyoyin da a da namiji ke tsoron bi, a zamaninsa mace na bin su da mazarinta a hannu.

Ba mu da bakin matan, ba mu da na manoman da hatsinsu ya cika rumbunan. Dutsen na mai mulki ne, shi ya sa aka sassaƙa. Amma zaɓin da ya yi na nuna abin da ya san jama'a za su auna shi da shi: ciki ya ƙoshi, hanya ta biyu.

Garin ya sa masa sunansa, Azatiwadaya, kuma ya rufe da tsinuwa: duk sarkin da ya goge sunan daga ƙofa ya ɗora nasa, allolin sama su shafe shi da mulkinsa. Garin ya rushe, ƙasa ta binne shi. Halet Çambel ta shafe shekaru da dama tana harhaɗa fasassun duwatsun, ta kuma nace a bar su a inda aka kafa su, maimakon a kwashe su zuwa gidan tarihi na birni. Suna nan ƙarƙashin rumfa har yau.