Sauro ko Gado? Tarihin Binciken Farfaɗiyar Yara Daga Ibadan Zuwa Kano

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kuma ja magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, rani ya daina zama lokacin hutu a wannan yanki. Shinkafa da alkama da tumatir suka kawo arziki, amma ruwan da ke kwance a gonaki har tsakiyar bazara ya samar wa sauro wurin hayayyafa a watannin da ya kamata a ce ya ja baya. Zazzaɓin cizon sauro kuwa yana cikin manyan abubuwan da ke jefa ƙananan yara cikin jijjiga a ƙasar Hausa. Don haka idan manomin Kura ya ji cewa akwai masu bincike a Kano da ke ɗibar jinin yara masu jijjiga don duba ƙwayoyin halittar da suka gada, yana da hujja ya tambaya: me ake nema a cikin jini alhali mai laifin yana kwana a ɗaki ɗaya da yaron? Tarihin wannan fanni ya nuna cewa sauro da gado ba kishiyoyi ba ne a wannan magana, kuma wanda ya riƙe ɗaya ya saki ɗaya rabin labari kawai ya sani.

Binciken farfaɗiya a Nijeriya ya kafu ne a kan muhalli, kuma da dalili. A shekarun 1980 Farfesa Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka bi gida-gida a garuruwa biyu maƙwabta a ƙasar Yarabawa. A Aiyete suka samu masu farfaɗiya kusan 37 cikin kowane mutum 1,000, a Igbo-Ora kuwa 5 da ɗoriya kacal. Jama'a iri ɗaya ce, tazarar kuma ba ta da yawa. Babban bambancin shi ne Igbo-Ora ta daɗe da samun kulawar lafiya, musamman ta masu ciki da jarirai. Wannan sakamako ya karkata hankalin likitocin Afirka zuwa ga wahalar haihuwa da zazzaɓi da sanƙarau da raunin kai. Daga baya masu bincike a Kilifi ta ƙasar Kenya suka nuna, a 2004, cewa yaran da maleriya ta taɓa wa ƙwaƙwalwa sun fi sauran yara fuskantar farfaɗiya bayan sun warke. Sai dai wani babban bincike da aka buga a 2013, wanda ya haɗa yankuna biyar a Kenya da Tanzaniya da Yuganda da Gana da Afirka ta Kudu, ya tabbatar da rawar wahalar haihuwa, ya kuma sake fito da abin da tsofaffin mata suka daɗe da lura da shi, wato jijjiga tana bin wasu gidaje fiye da wasu.

A ƙasashen Turawa hanyar daban ce. William Lennox na Amurka ya shafe shekaru yana nazarin tagwaye, ya ga cewa tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya sun fi yin tarayya a ciwon. Amma sai a 1995 aka fara kama ƙwayar gado guda da hannu, a wani babban dangi na Ostareliya masu farfaɗiyar da ke tasowa cikin barci. A 1998 aka gano wadda ke sa jarirai sabbin haihuwa jijjiga a wasu iyalai. A 2001 masu bincike a Beljiyam suka gano cewa tangarɗa a ƙwayar da ake kira SCN1A ita ce ke haddasa mummunan nau'in da likita Charlotte Dravet ta Faransa ta bayyana tun 1978. Yawancin waɗannan ƙwayoyi aikinsu ɗaya ne: su ke tsara ƙananan kafofin da gishirin jiki ke bi yana shiga yana fita daga ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, kuma da wannan shige da fice ne ƙwaƙwalwa ke aika saƙonninta. Idan kafa ta ƙi rufuwa ko ta ƙi buɗewa a kan lokaci, sai saƙonni su ɓarke gaba ɗaya, yaro ya sanƙare. Amfanin sanin haka bai tsaya a littafi ba. Ciwon Dravet yakan fara ne da jijjigar zazzaɓi kafin yaro ya cika shekara, daidai irin wadda kowa zai ɗora wa sauro a Bunkure, kuma maganin carbamazepine, wanda yana cikin waɗanda aka fi rubutawa a asibitocinmu, yakan ƙara tsananta shi.

Matsalar ita ce kusan duk wannan ilimi an tara shi ne daga jinin wasu. Babban binciken da ƙungiyar yaƙi da farfaɗiya ta duniya ta fitar a 2023 ya duba marasa lafiya kusan 30,000 ya gano wurare 26 a jerin ƙwayoyin halitta masu alaƙa da ciwon, amma mafi yawan mutanen 'yan asalin Turai ne, alhali Afirka ce ta fi kowace nahiya bambancin ƙwayoyin gado. Don cike irin wannan giɓi aka kafa shirin H3Africa a 2010. Shigowar aikin Kano ta biyo ta hanyar magani ne. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Jami'ar Bayero, tare da takwarorinsu na Zariya da Kaduna da kuma Farfesa Edwin Trevathan na Jami'ar Vanderbilt a Amurka, suka fara da shirin BRIDGE, wanda ya horar da jami'an lafiya na matakin farko su gane farfaɗiyar yara su kuma kula da ita, aka gwada tsarin a ƙananan asibitoci 60. Bayansa aka zo da SEED, mai bibiyar yaran da aka kawo sashen gaggawa a Kano da jijjigar da ta ƙi tsayawa, ana ɗaukar awon ƙwaƙwalwarsu, ana kuma duba ƙwayoyin halittarsu don gane abin da ya sa wani ke warkewa sumul, wani ya rasu, wani ya tashi da farfaɗiya.

Suka mafi nauyi da ake yi wa irin wannan bincike ita ce ta fifiko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu farfaɗiya kusan miliyan 50, ta ce kashi 70 cikin ɗari za su iya rabuwa da faɗuwa idan sun samu magani, amma a ƙasashe matalauta kashi uku cikin huɗu ba sa samu. Maganin phenobarbital tun 1912 ake amfani da shi, kuma ba shi da tsada. To ina ranar binciken gado a inda gidan sauro da ungozoma mai horo suka fi gaggawa? Gaskiya ne, da za a tilasta zaɓi, gidan sauro za a ɗauka. Amma a yankin Kura da wuya a samu yaron da zai kai shekara biyar bai yi zazzaɓi ba, kuma kaɗan ne daga cikinsu ke jijjiga, kaɗan daga waɗannan kuma ke zama masu farfaɗiya. Sauro bai bayyana wannan ba. Sikila ta riga ta koya mana darasin: tun 1954 Anthony Allison ya nuna cewa mai ɗauke da rabin gadonta yana da kariya daga maleriya. Idan gado yana da hannu a kan wanda zazzaɓin zai kayar, ba abin mamaki ba ne ya zama yana da hannu a kan wanda zai taɓa wa ƙwaƙwalwa.

Suka ta biyu ta shafi mutuncin gida. Mai farfaɗiya ya riga ya sha wahala: ana danganta ciwonsa da iskoki, ana gudun yawunsa duk da ba ya yaɗa komai, ana cire shi daga makaranta. Idan aka ƙara da cewa abin gado ne, 'yan'uwansa mata na iya rasa manema, musamman a inda auren zumunci ya yawaita kuma kowa ya san asalin kowa. Wannan tsoro na gaskiya ne, amma binciken da kansa yana rage masa ƙarfi. Yawancin 'ya'yan masu farfaɗiya ba sa yin ta. A ciwon Dravet ma, galibi tangarɗar sabuwa ce da ta auku a jikin yaron, babu ita a jinin uwa ko uba. Likitan da ya iya faɗa wa miji haka da Hausa mai kyau yana iya tsare auren da zargi zai kashe.

Ta uku ita ce amana, kuma a Kano ba a buƙatar dogon bayani. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kusan 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya kai ga shari'a da sulhu a 2009, kuma inuwarsa tana cikin abubuwan da suka rura ƙin allurar shan-inna a 2003. Mai binciken da ya nemi jinin yaro a yau yana aiki ne a ƙarƙashin wannan tarihi, ko ya sani ko bai sani ba. Wajibi ne iyaye su ji, da harshensu, inda za a ajiye jinin, wanda zai duba shi, da cewa ƙin yarda ba zai hana a yi wa ɗansu magani ba. Wajibi ne kuma binciken ya fita daga birni. Yaran da ake gani a sashen gaggawa na Kano su ne waɗanda suka iya isa can, alhali jijjigar da ta wuce minti biyar ta riga ta zama abin gaggawa, kuma daga ƙauyukan Bunkure zuwa birni tafiya ce mai nisa da yaro a sanƙare a bayan babur.