Horar da ƙwaƙwalwa bayan rauni a kai

Mutumin da ya bugu a kai a haɗarin moto, ko wanda jini ya toshe masa a ƙwaƙwalwa, abin da likitoci ke kira AVC, yana iya miƙewa da ƙafafunsa amma ya kasa riƙe abin da aka gaya masa da safe. Galibi tsoffin abubuwa suna nan, ya san ƙauyensu da ƴan uwansa. Sabon abu ne ba ya zama.

Horon da ake yi wa irin wannan majinyaci bai cika maido da abin da ya lalace ba. Manufarsa ita ce a koya masa dogaro da abin da ya saura, kuma abin da ya saura yana da yawa. Henry Molaison, Ba'amurken da aka yi wa tiyata a ƙwaƙwalwa a 1953 saboda farfaɗiya, ya daina riƙe sabbin abubuwa, amma hannunsa ya ƙware wajen zane ta cikin madubi, alhali bai tuna ya taɓa gwadawa ba.

Wannan koyo na sabo yana da illa guda: ba ya bambanta daidai da kuskure. A 1994, Alan Baddeley da Barbara Wilson sun nuna a Ingila cewa masu mantuwa mai tsanani sun fi koyo idan aka hana su cankewa. Saboda haka tambayar nan ta masu dubiya, "Ka gane ni? Wane ne ni?", tana iya cutarwa, don amsar da ya canka ba daidai ba ita ce za ta zauna masa. Gara a faɗa masa sunan, ya maimaita, a sake bayan minti ɗaya, sannan biyu, ana ƙara tazara sannu a hankali.

Sauran aikin na kayan tuni ne: littafin rubutu, ƙararrawar salula, ajiye makulli da magani wuri ɗaya kullum. Wanda bai iya karatu ba sai a naɗa masa murya ko a yi amfani da hotuna, a ɗaura shan magani da lokutan salla. Su ma kayan sai an koya masa su, tun da yana iya manta cewa yana da littafin.

Sauƙi ya fi saurin zuwa a watannin farko. Gajiya da rashin barci suna ƙara mantuwa, shi ya sa horo gajere da ake yi kullum ya fi dogon zama.